Mai askin da ya juya madubi

Taubashina mai aski ne, amma 'yan kallo yake nema. Tun muna yara, ko jaki ya yi kuka sai ya fi shi ƙara. A shagonsa titi madubi ke kallo, don masu wucewa su ga yadda yake wulla almakashi sama ya cafe ta baya. Mai kai kuwa yana kallon bango yana salati.

Malamin Turanci, maƙwabcinsa, ya ce Turawa na da kalma guda ga wanda ba ya iya numfashi sai ana kallonsa. Ya faɗa mini, ta fi ƙarfin bakina. Gogan naka da ya ji, cewa ya yi a rubuta masa ita a allon shago.

Da masu zuwa aski suka gudu, Gwaggo, uwarsa, ta aike ni in yi masa faɗa. Na hau kujerar aski, yana yi mini aski ina nasiha. Yana tsakiyar kaina mota ta mutu a titi, jama'a suka taru.

"Bawana, riƙe almakashin," in ji shi, "turi sai gwani!"

Na koma wurin Gwaggo da rabin kai. Ta dube ni, ta miƙo mini hula.