Sunan Da Kakata Ta Tafi Da Shi

Shekarun baya, wani abokina da ke aikin jinya a ƙasar Ireland ya zo hutu gida Azare. Muna zaune a ƙofar gidanmu bayan La'asar yana ba mu labarin mutanen can, sai ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda wasu ke tasowa tun daga Amurka su zo neman kakanninsu. Su bi tsofaffin maƙabartu suna karanta sunayen da aka sassaƙa a jikin duwatsu, su shiga coci a buɗe musu littafin haihuwa da na aure, har su gano ƙauyen da kakan kakansu ya baro. Wani, in ji shi, in ya ga dutsen sai ya zauna ya yi ta kuka kamar jiya aka yi rasuwar.

Mu dai dariya muka yi, muka ce aikin yi ne ya yi wa Bature kaɗan. Ashe mahaifiyata tana tsakar gida tana jin mu ta katanga. Da na shiga sai ta ce, "Wannan abin da abokinka ya faɗa, mu ba a yi mana?"

Mahaifiyata ba ta san mahaifinta ba. Bafulatani ne makiyayi, ya auri kakata daga nan Azare ya tafi da ita wata ruga gaba da Chinade, ya rasu tana da cikin mahaifiyata. Kakata ta dawo gida, ta haihu, daga baya ta sake aure, mijin ya riƙe yarinyar kamar tasa, har da sunansa ake kiranta. Kakata kuwa irin matan da ne masu kunya, har ta koma ga Allah sunan mijinta na fari bai taɓa fita daga bakinta ba. Ita ma mahaifiyata ta yi wa wanda ya rene ta kara, ba ta taɓa bin diddigi ba. Kafin ta ankara duk waɗanda suka halarci ɗaurin auren sun ƙare.

Ta ce da ni, "Ni fa kullum addu'a nake yi wa mutumin da ban san sunansa ba, ban san inda yake kwance ba. Ka ga ƙarfina ya fara tafiya. Ka je ka gano mini."

Ban taɓa sanin abin yana cin ta haka ba.

Ranar Asabar na cika wayata da caji, na hau acaɓa, na nufi ƙauyen da aka ce rugar tana kusa da shi. Don Allah kada ku yi mini dariya, amma a raina hoto zan ɗauko mata. Labarin abokina ya shiga kaina sosai, har ina ganin kamar zan tarar da wani allo da suna ɓaro-ɓaro yana jira na. Ni da aka haifa a ƙasar Katagum, na raka gawa ba sau ɗaya ba, na san yadda kabarinmu yake: tudun ƙasa, sai fasasshiyar tukunya ko guntun icce, damina kaɗan ta shafe shi.

Na sami mai unguwa da dattawa a gindin tsamiya, muka gaisa, na ce kabarin kakana nake nema.

Ya ce, "Madalla. Yaya sunansa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan ma shi na zo nema."

Ya dube ni, ya dubi dattawan. Wani daga cikinsu ya ce, "To sunan ubansa fa?" Na ce babu. "Wane dangi ne a Fulanin?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Samari, to kai me ka taho da shi?" Na ce waya. Ai kuwa har da mai tari don dariya. Amma da na faɗa musu mahaifiyata ce ta aiko ni, kuma ba ta taɓa ganin ubanta ba, sai suka bar dariyar. Mai unguwa ya ce akwai wata tsohuwa a rugar da ke bayan fadama, tana amarya a zamanin da nake magana, in gwada ta.

Na same ta a ƙofar bukka tana tsince wake a faifai. Hausarta rabi da Fulatanci, amma bakin nan garau. Da na tsuguna na gaishe ta sai ta ce, "A'a, yau miji na yi daga birni? Me ka kawo wa amaryarka?" Na miƙa mata goro, ta ce ta ga alama ni marowaci ne amma za ta zauna da ni haka. Sannan na zayyana mata abin da ya kawo ni.

Ta daɗe tana juya waken. Ta ce matan Hausawan da aka auro rugar nan a da ba ɗaya ba ne, maza kuma da yawa sun mutu sun bar ciki. Can sai ta ce, "Kakar taka, wace kalma ce ba ta faɗa?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Macen da ta ɓoye sunan miji ai ba sunan kaɗai take ɓoyewa ba, har abin da ya yi kama da shi. Ka tuna. Akwai abin da kowa ke kiransa da sunansa, ita sai ta kewaye."

Nan take na tuna. Kakata ba ta taɓa cewa Litinin ba. Sai dai ta ce "washegarin Lahadi". Muna yara mukan tsokane ta, mu ce ta lissafa mana kwanakin mako, in ta zo wurin ta tsallake, mu kwashe da dariya, ita kuma ta jefe mu da mafici. Mun ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Da na faɗa wa tsohuwar sai ta ajiye faifan. Ta ce, "Altine, haihuwar ranar Litinin. Allahu akbar. Dogo ne, ba ya son magana. Matarsa ce Bahaushiyar nan da saniya ta taɓa ture ta wajen tatsa, muka yi ta yi mata tsiya." Ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi a tsakiyar damina, bai tashi ba. Ta sa hannu ta juya fuskata gefe, ta ce hancin nasa ne amma an lalata shi da cin tuwo.

Ɗanta, wanda shi ma ya yi furfura, ya raka ni wurin. Wani ɗan fili ne a tsakiyar gonakin gero, da itatuwan aduwa a gefe, manoma suna kewaye shi ba sa sa masa garma. Babu tudu, babu tukunya, ciyawa ce kawai. Ya ce nan ne tsohuwar maƙabartar rugar, mutanensu da yawa suna nan, har da kakanninsa. Na ce to wanne ne nasa? Ya ce, "Wannan kam sai Allah." Na yi musu sallama gaba ɗaya, na yi addu'a, wayar ko fito da ita ban yi ba.

A hanyar dawowa raina a jagule yake. Gani nake rabin aiki na yi. Har na fara saƙa yadda zan ce wa mahaifiyata ga kabarin nan a gindin aduwa ta farko, don dai hankalinta ya kwanta, amma na kasa.

Na same ta a kan darduma. Na faɗa mata sunan. Ta rufe ido, leɓunanta suka motsa, ban ji sauti ba. Sannan na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri, wurin na gani amma ban iya ware nasa ba, don mutanen da ke kwance a filin suna da yawa.

Ta buɗe ido ta ce, "Da yawa?"

Na ce, "Da yawa, Inna. Danginsa ne duk."

Sai hawaye. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ni tun ina yarinya gani nake a daji aka binne shi, shi kaɗai."

Yanzu mahaifiyata ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Ban raina masu sassaƙa suna a dutse ba, yanzu na san abin da ke kai su, kuma na daina yi musu dariya. Amma har gobe in na tuna ranar nan sai in tsorata, don saura kaɗan in yi mata ƙarya in nuna mata kabari guda a gindin bishiya, in mayar mata da ubanta shi kaɗai.