Sabi'u Malamin Gona da Ya Ƙi Sauka

Duk wanda aka taɓa ƙara wa girma a cikinmu ya sha addu'ar Sabi'u. Kun tuna ai. Da zarar wani ya saka labari a zauren nan namu na tsofaffin ɗalibai cewa an ba shi darakta ko shugaban wani wuri, sai barka ta yi ta zuba a waya, wannan ya ce Allah Ya sanya alheri, wancan ya ce Allah Ya ƙara ɗaukaka. Shi kuwa gogan sai ya bari kowa ya gama, sannan ya turo muryar nan tasa mai kama da ƙarar tsohuwar ƙofa: "Allah Ya sauke ka lafiya."

Addu'ar masu juna biyu fa! Ranar da aka naɗa Alhaji Mamman babban sakatare, kasa haƙuri ya yi ya kira shi, ina zaune a wurin.

"Sabi'u, wai ciki gare ni?"

"Yo me ka ɗauka in ba ciki ba? Yanzu za ka yi nauyi, ka daina ganin ƙafarka, kowa ya riƙa yi maka sannu. Kuma ko ka ƙi ko ka so, ranar sauka na nan tafe. Ni dai fatana a rabu lafiya."

Lokacin mun yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu ku duba zauren nan. Da labarin ƙarin girma ne, ya koma na ritaya, yau kuma in waya ta yi ƙara da safe sai gaban mutum ya faɗi kafin ya buɗe. Sakataren ƙungiya ya ce kowa ya turo inda aiki ya kai shi da inda ritaya ta ajiye shi. Ni Lawal ba ni da abin faɗa. Kamfanin gurzar audugar da na yi wa aiki a Funtua ya riga ni yin ritaya, jemagu ke kwana a cikinsa. Don haka bari in ba da labarin Sabi'u, tunda shi ba zai turo ba.

Tare muka karanta aikin gona a jami'a, tare muka fito. Aka tura shi malamin gona tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma a nan ya ƙare. Abin hawansa wani babur ne da aka raba musu tun muna samari, ya sa masa suna Haƙuri. Sai da na hau na gane fasinja ne ke yin haƙurin. Wata rana ya ɗauke ni za mu ɗaurin aure Malumfashi. Muna kaiwa gangara sai na ji inji ya yi tsit, muna ta sulalawa kamar ɓarayi.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Allah Ya ba ka gangara kyauta, kai kuma ka ƙona mai? Ai butulci ne."

Da muka iso hawa sai ya sa ƙafa ƙasa. "Lawal, sauka ka tura."

"Haba Sabi'u, da babbar riga? Ka tayar mana!"

"Wa ya ji daɗin gangara?"

Muka isa an shafa fatiha, goro ma ya ƙare. Ya dube ni ina ta tsiyayar gumi ya ce, "Ka ga, ko babu mu an ɗaura."

Shi Alhaji Mamman, duk da addu'ar nan, yana son Sabi'u. Abin ya dame shi a ce ɗan ajinsu, wanda ya fi shi ƙoƙari a makaranta, har furfura yana bin kunya-kunya a kan babur. Ya yi ƙoƙari aka mayar da shi hedikwata a Katsina, mataimakin darakta, ga ofis da kafet, ga na'urar sanyaya ɗaki. Muka cika zaure da barka, wasu har suka rama masa addu'arsa.

Bai daɗe ba ya tuge furannin da ke ƙofar ofishin ya shuka auduga. Da ta fara tsiro mai kula da furanni ya kai ƙara, darakta ya kira shi.

"Malam Sabi'u, nan fa ofis ne, ba gona ba."

"Ranka ya daɗe, ofishin me?"

"Na aikin gona mana."

"Au, to! Wallahi da ba ka faɗa ba da ban gane ba."

Aka tuge audugar da safe, kafin azahar ya ɗaure jakarsa a bayan Haƙuri ya kamo hanyar Funtua. Mamman ya kira shi rai a ɓace: "Kai ka san mutum nawa ke kamun ƙafa a ba su kujerar nan?"

Ya ce, "To madalla, su yi sauri. Na bar musu ita da ɗuminta."

Daga nan ba a ƙara yi masa ƙarin girma ba, shi ma bai nema ba.

Da shekarun aikinsa suka cika muka shirya masa walima a Funtua. Da yawanku kun zo. Wasu da na gani a ranar a sahun gaba, yau ba su. Ƙungiya ta ba shi agogon bango da kujerar kishingiɗa. Ya juya agogon nan gaba da baya, ya karɓi lasifika ya ce, "Shekara da shekaru ina makara, ba wanda ya ba ni agogo. Sai yau da ba inda za ni."

Aka kwashe da dariya. Alhaji Mamman, wanda shi ma lokacin ya riga ya sauka, ya ga dama ta samu. Ya miƙe ya ɗaga murya: "Sabi'u, barka da sauka! Me aka samu, mace ko namiji?"

Wuri ya kaure. Amma ni da ke kusa da Sabi'u na ga bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ban ɗauki komai ba, me zan sauke?" Ya zauna. Ko naman da aka ajiye masa bai taɓa ba, Sabi'un da ba ya barin ƙashi a faranti.

Ranar Litinin da sassafe sai ga shi a ofis. Wadda ta gaje shi, Malama Binta, shi ya koya mata aiki. Ta shigo ta same shi a teburinsa yana goge ƙura da hularsa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ai na ɗauka kun yi ritaya."

"Takarda ce ta yi."

Can ta ce, "To Baba, teburin fa an ce yanzu ni ce a kansa."

Ya daɗe yana kallon teburin. Sannan ya tashi ya kakkaɓe hularsa ya ce, "Allah Ya sauke ki lafiya."

Ta ce amin da ƙarfi, don ita da gaske tsohon ciki gare ta. Daga baya ya ce mini karo na farko ke nan da addu'arsa ta faɗa inda ya dace.

Gida fa bai koma ba. Kujerar nan da muka ba shi ya ɗauro a babur, ya dasa ta a gindin darbejiyar da ke ƙofar ofishin, wai ko manomi zai zo da tambaya. Da fari ana zuwa. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Wa ke ta auduga yanzu? Kowa ya koma masara da waken soya, gonakin nesa kuma tsoron 'yan bindiga ya hana a taka su. In na wuce a Keke sai in hango shi shi kaɗai, a bakin kujerar, bayansa a miƙe kamar mai jiran a kira sunansa. Bai taɓa kishingiɗa a kanta ba. Na ce masa, "Don Allah ka jingina mana, don haka aka yi ta." Ya ce, "Ku da kuka jingina me kuka samu, ban da ciwon suga?"

Mutum ɗaya ya rage masa, wani tsoho a wata unguwa bayan Gozaki, sunansa Nomau. Bamaguje ne, yana nan kan addinin kakanninsa, kuma tun Sabi'u na sabon ma'aikaci suke faɗa. Faɗa kan tazarar shuka, faɗa kan feshi, faɗa kan ranar da ruwa zai sauka. Duk damina sai Nomau ya ware wani ɗan gefe ya zuba auduga. Na taɓa raka Sabi'u can, lokacin hanyar ta fara zama abin tsoro, matarsa Hajiya Rabi tana ta roƙonsa ya bari. Muna isa ko gaisuwa ba su gama ba ya hau tsoho da faɗa.

"Nomau, wannan shuka ce ko watsi? Sau nawa zan ce maka ka ba ta fili?"

"Malam, ubana haka ya shuka, ya kuma yi riga."

"Shi ya sa rigar ta tsaya masa a cibiya!"

Nomau ya yi dariya har ya dafa fartanya. Da ya gama ya ce, "Ka san dai ba mai saye. Ta bara tana nan a rumbu, ɓeraye sun yi katifa da ita. Don kai nake shuka ta, kada ka rasa wurin zuwa."

Na ɗauka Sabi'u zai ba da amsa, don ba a kayar da shi a magana. Sai ya sunkuya yana juya wani ganye, ya daɗe bai ɗago ba. A hanyar dawowa ko a gangara bai kashe inji ba.

Bara aka kira 'yan fansho tantancewa, na raka shi. Tsofaffi sun cika wuri a cikin rana, wani da sanda, wani an riƙo shi. Da layi ya zo kansa ya ɗora babban yatsa a na'ura, ta ƙi. Ya goge a riga ya sake, ta ƙi. Ƙasa da taki sun cinye zanen yatsun tas. Ma'aikacin ya ce, "Baba, na'ura ba ta gan ka ba."

"To kai ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba."

"To gaya mata."

"Ba ta jin magana."

"Ashe darakta ce."

Da yamma ya turo muku saƙon nan da har yanzu wasu ba su goge ba: "Jama'a, ga labarin ritaya. Na'ura ta tabbatar ba na nan. Za a yi zaman makoki a gidana, amma kowa ya zo da tabarmarsa da abincinsa." Kwana biyu ana dariya a zaure.

Da daminar bana ta yi nisa jiki ya ƙi. Aka kwantar da shi a wani asibiti a nan Funtua. Na je na same shi ya rame, idon nan ya faɗa, amma bakin na nan. Ma'aikaciyar jinya ta zo yi masa allura, ta yago auduga za ta goge masa hannu, sai ya riƙe. Ya ja ta a hankali tsakanin yatsu yana duba tsawon zarenta, kamar yadda yake yi a kasuwa.

"'Yata, wannan ta ina ce?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Daga waje ake kawo mana."

"A Funtua?"

Ta ce eh. Ya miƙa mata abarta, ya juya fuskarsa bango. Na zauna ina jiran baƙar maganar da za ta biyo baya, har aka kira la'asar ba ta zo ba.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Ni na saka sanarwar a zaure, kuma kun ga abin da ya faru. Mutum na farko da ya amsa fuskar dariya ya turo. Wani ya ce, "Na'urar ce kuma?" Ban ga laifin kowa ba, shi ya saba mana. Can sai ga kiran Alhaji Mamman, yana dariya tun kafin in yi sallama.

"Lawal, ce wa mutumin nan ya daina irin wannan wasan, mun tsufa."

Na ce, "Alhaji, ga mu nan muna jiran a fito da shi."

Na ɗauka layi ne ya yanke, sai na ji kukan dattijo, irin wanda ba ya fita da sauti sosai. Ban kashe ba, shi ma bai kashe ba.

'Yan ajinmu kaɗan ne suka samu zuwa. Wani gwiwa, wani yana gadon asibiti, wani 'ya'yansa sun hana shi hanya. Ranar sadakar uku sai ga Nomau, a motar kasuwa ya zo, ƙafa duk laka. Ya zauna can ƙarshen tabarma. Da ake addu'a bai ɗaga hannu ba, ya dai sunkuyar da kai har aka shafa. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni.

"Kai ne wanda kuka zo tare rannan?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Tsutsa ta shiga audugar. Ina gani na ƙyale ta, na ce bari ya zo ya zage ni tukuna." Ya murza idonsa da bayan hannu. "Baɗi dawa zan zuba a wurin."

Ya tashi ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya yafe masa kaifin bakinsa, don mun shaida cikinsa babu komai. Allah Ya sanyaya masa makwanci, Ya ba Hajiya Rabi da yara haƙuri. Mu da muka rage muna duba waya da faɗuwar gaba, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.