Ranar da Gwaggo ta yi wa fiyano guɗa

Ni dai ban san komai a kan fiyano ba sai da na yi maƙwabtaka da wata tsohuwa Bafaransa da nake ce wa Madam a Vaulx-en-Velin, gefen birnin Lyon. Ina karatu a Lyon lokacin, ita kuma ƙofarta na kallon tawa. Wata rana na kai mata dambu, ta riƙe ni da hira, har ta fiddo wani baƙin faifan garmaho daga ƙarƙashin gado. Mahaifiyarta ce ta kaɗa fiyano a cikinsa tun tana budurwa, kuma daga shi ba ta ƙara ba. Wani mai sharhin kiɗa a jaridar Paris ne ya rubuta wai hannuwanta ba sa sauka tare, hagu na riga dama. Shi ke nan, kowa ya ɗauka, har waɗanda ba su taɓa jin faifan ba.

Har Madam ta tsufa ba ta saurari faifan ba. Tsoro take ji kada ta tarar mutumin ya yi gaskiya.

Abin ya ba ni haushi, wallahi. Da zan je Paris tarbo Gwaggona da ta zo daga Zinder ganin likita, na ari faifan na kai shi wani ɗan shago a unguwar Belleville, aka juye mini shi a waya. A jirgin ƙasa na saurara. Ƙara kamar ana suyar ƙosai, can ƙasa kuma ga kiɗan. Da gaske hagun na riga dama.

Da muka dawo, kafin mu shiga wurin Madam, na ja wa Gwaggo kunne: kiɗan nan shiru ake yi masa, ba a motsi, ba a tanka.

"Zaman makoki za mu?" in ji ta.

Muka zauna a falon Madam, na kunna. Madam ta ƙura wa tabur ido. Gwaggo ta daure kaɗan, sai na ga kafaɗarta ta fara rawa. Kafin in taɓa ta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kiɗan. Karen bene na sama ya amsa. Na rasa inda zan sa kaina.

Madam ta tambaye ni ko baƙuwar ba ta da lafiya. Na ce a'a, haka matanmu ke yi in abu ya kai musu. Don kada mu cuci Madam da yabon rashin sani, na faɗa wa Gwaggo abin da aka rubuta a kan hannuwan.

"To da tare za su sauka?" Ta dube ni a kaikaice. "Ke ba ki taɓa lugude ba? Taɓarya biyu a turmi ɗaya, ai sai wata ta ba wata hanya. Matar nan ta iya. Sa mana na gaba."

Na fassara duka, har da na ƙarshen. Madam ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Gaya mata babu na gaba," ta ce.

Gwaggo ta yi tsaki, ta gyara lulluɓi. "Mutum ɗaya ya hana mu? Allah ya jiƙanta, shi kuma can ya yi bayani. A maimaita wannan ɗin."

Na miƙa hannu zan danna, Madam ta riƙe ni. Ta karɓi wayar, ta ce in nuna mata wurin da ake ƙara murya.