Motar Da Na Wanke A Jidda

Na wanke motar haya a Jidda, wankin nan ya jawo wa surukina asara.

Ni mutumin ƙasar Gwiwa ne, ta gefen da ke kallon Roni. Ban yi boko ba. Na yi kiwo, na yi noma, na yi fatauci ta Babura har cikin Nijar lokacin da sefa ke da araha. Ciwon shanu ya taɓa share mini garke a damina guda. Mota ta taɓa kifewa da mu a hanyar Kazaure, aka zaro ni daga ƙarƙashin buhunan gyaɗa, wanda ke zaune kusa da ni bai tashi ba. Yanzu shanun huɗa gare ni da amalanke, ina ba da su haya.

Autata tana auren wani ma'aikacin gwamnati a Kazaure, ɗan gidan sarauta. Mutumin kirki ne. Amma tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Ya zo ya durƙusa, ya gaishe ni, in amsa, ya tashi. In yana da magana, matarsa yake faɗa wa ta kawo mini. Tawa ma ta wurinta take bi. Haka muka tashi muka tarar. Shi ya biya mini kujerar Umara, muka tafi mu uku.

Da muka gama ibada, jirginmu bai zo ba tukuna. Sai 'yata ta ce mijinta yana so ya kai mu Ɗa'ifa mu sha iska, mu ga duwatsu. Na ce duwatsu ai mun baro su a Kazaure. Ta ce waɗannan su suka haifi na Kazaure. Ta ce mota zai ɗauko haya, ya tuƙa da kansa.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. A ba baƙo mota, ba direba, ba wanda ya tsaya masa? Ni in zan ba mutum sa haya, na san ubansa, na san gonarsa. In ban san shi ba, sai ya zo da wanda na sani. Na ce zan bi su in ga yadda ake yi.

Ofishin duk gilashi ne, sanyi kamar cikin randa. Wanda ke zaune a teburin baƙi ne irinmu, da farar jallabiya. Da ya ji muna Hausa sai ya amsa mana da Hausa, irin wadda Larabci ya lanƙwasa. Ya ce kakansa daga Damagaram ya zo a ƙafa, bai koma ba. Shi bai taɓa ganin ƙasar ba. Ya tambaye ni ko har yanzu ana miyar kuka, don tun da kakarsa ta rasu bai ƙara sha ba. Na ce ana yi. Ya sa aka kawo mana shayi.

Sai ya shiga bayanin inshora. Ya ce akwai wadda ke cikin kuɗin haya, ta dole ce, ta babban haɗari. Akwai kuma ta ƙari, ta ganin dama, kowace rana da kuɗinta. In ka biya ta, duk abin da ya sami motar, ko karce ko fashewar gilashi, ba ruwanka. In ba ka biya ba, ƙananan ɓarna a wuyanka suke.

Na tambaye shi, in ba abin da ya sami motar, za a mayar da kuɗin? Ya yi dariya ya ce a'a. Na ce to ina suke zuwa? Ya ce da su ake gyara motocin da wasu suka ɓata. Na ce wato mutum ya biya ɓarnar wanda bai sani ba, wadda ma ba a riga an yi ta ba? Ya ce haka ne. Na juya abin a raina, na rasa inda zan kama shi. Na sha asara a duniya, amma kowacce sai da ta zo na biya ta. Ban taɓa jin an tari asara da kuɗi tun tana hanya ba.

Surukina ya riga ya ɗauki biro zai sa hannu a ta ƙarin. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na dube shi, ba ta bakin kowa ba, na ce:

"Malam, kada ka biya."

Ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa."

'Yata ta kalle ni. Na san nauyin abin da na ɗauka. Maganar suruki ba a musa ta. In ta yi kyau, shi ke nan. In ta ɓaci, ba zai iya faɗa mini ba, ni kuma ba zan ƙara samun bakin yi masa wata ba.

Mutumin ya ɗauko mukulli ya fitar da mu. Motar baƙa ce, amma iska ta zuba mata rairayi har ta koma ruwan ƙasa. Ya ce mu zagaya ta tare, duk inda muka ga tabo mu nuna masa, mu kuma ɗauki hoto da waya. Ya ce da haka masu wayo suke tsira daga biyan abin da ba su yi ba. Surukina ya zaro waya.

A wurinmu abin da za ka saya shi kake dubawa. Ka buɗe bakin sa ka ga haƙora, ka ɗaga kofato, ka sa a ja shi ka ga tafiyarsa. Amma abin da aka ba ka aro ko haya, ba ka dudduba shi a gaban mai shi. Daidai yake da ka ce masa macuci. Ga mutum ya ba mu shayi, ya ba mu labarin kakansa. Na ce masa, ɗan'uwa, mun yarda da kai.

Ya ce, "Ya Hajji, motar ba tawa ba ce, ta kamfani ce. Kamfani ba ya jin kunya."

Na ce ba komai. Surukina ya mayar da wayarsa aljihu.

Hanyar Ɗa'ifa ba ta yi mini ƙarya ba. Hawa ake ta yi ana nannaɗe dutse kamar rawani, har na leƙa na ga gajimare a ƙasa da mu. Ni ina gaba, surukina yana tuƙi. 'Yata daga baya ita ke magana a madadinmu duka. Abin da na fi kallo awaki ne. Ban ga ciyawa ba, amma ga su da ƙiba. Na so in san abin da suke ci, ban sami wanda zan tambaya ba.

A wata kwana muka tarar da birai a bakin titi, manya, masu geza kamar tsofaffi. Surukina ya rage gudu don mu gani. Kafin a hana ta, 'yata ta jefa musu ayaba ta taga. Suka yo kanmu. Wani ya hau kan motar ya zauna, wasu suka kama ƙofofi suna leƙe. Ina jin faratansu a jikin ƙarfe. Wani babba ya manna fuskarsa a gilashina muka kalli juna. 'Yata ta ce ya gane ɗan'uwansa a rashin fara'a. Surukina ya danne dariya har ya ƙware.

Mun kwana can, mun ci inabi da rumman, mun dawo Jidda lafiya. Ba wanda ya buge mu, ba mu bugi kowa ba. Na ji daɗi a raina. Na ce maganata ta fita.

Ranar da za a mayar da ita, bayan sallar asuba, na sauko farfajiyar masauki na dube ta. Rairayi, sawun birai, ɓawon ayaba ya bushe a gilashi. Ba a mayar da abin aro da datti. Mutumin kirki in ya dawo mini da sa, sai ya shayar da shi ya ba shi dusa. In amalanke ce, ya share ta. Na nemo bokiti, na yage gefen tsohuwar rigata, na hau wanki.

Da ruwa ya zubo da rairayin, sai ga shi a ƙofar baya. Karce ne fari, tsawonsa kamu guda. Na goga, bai fita ba. Na tsuguna ina kallo. A jikin dabba ina gane ciwon jiya da na bara. Ƙarfe ba ya yin ɓawo. Ban san ko da shi aka ba mu ba, ko aikin biri ne.

Ina tsugune 'yata ta sauko. Ta dubi motar tana ƙyalli, ta dubi karcen, ta riƙe haɓa.

"Baffa, wa ya aike ka?"

Ta ce da na bar ta da rairayinta, wataƙila ba mai gani. Na ce da mun ɓoye ke nan. Ta ce ai su ma a ɓoye suka ba mu. Na ce in da shi suka ba mu. 

Da muka isa ofis, jikan mutumin Damagaram ya fito ya tsaya. Ya ce tun da yake aikin nan ba wanda ya taɓa dawo musu da mota a wanke. Suna da masu wanki, aikinsu ke nan. Ya zagaya ta, ya tsaya a ƙofar baya. Ya shafa da yatsa. Ya ce yana iya zama tsoho, don motar ta daɗe a fili, yana iya zama kuma na birai, sun saba. Amma ranar da muka ɗauka mun ce lafiyarta ƙalau, haka ya shigar. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Aka cire kuɗin gyara daga katin bankin surukina. Sun ninka na inshorar da na hana shi biya, nesa ba kusa ba.

Surukina ya karɓi katinsa. Fuskarsa ba ta sauya ba. Ya yi wa mutumin godiya, ya ɗauki jakata kamar kullum. Da ya yi tsaki da ya fi mini sauƙi. Na aiki 'yata ta ce masa in mun koma zan sayar da maraƙi. Ta dawo ta ce ya ce don Allah kada a ƙara ta da zancen.

A filin jirgi muna jira, ta matso kusa da ni. Ta tambaye ni, shekarar da shanuna suka mutu, wa ya tayar da ni? Ta san amsar. Al'adarmu ce, in mutum ya rasa garke, dangi kowa ya ba shi aron saniya, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ta ce su ma ai ɓarnar da ba su yi ba suka biya. Na ce waɗannan na san fuskokinsu. Ta ce a can ba a san fuskar kowa ba, shi ya sa ake tara kuɗi a maimakon shanu. Na ce amma saniya ana mayar da ita. Ta ce in ci gaba da musu da kamfani, ita barci take ji.

Bayan mun dawo gida na kama bakina. In surukina ya zo gaisuwa in amsa a gajarce. A ganina magana guda na taɓa yi masa, ta zama ta ƙarshe.

Sai ruwa ya sauka. Yana da gona wajen Roni, kowace shekara ta bakin matarsa yake neman shanun huɗa, ya turo mai aikinsa ya ja su. Wannan karon da kansa ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na kwanto shanun na tsayar da su a ƙofar gida. Ban shirya ba, na ji bakina ya ce:

"Malam, zagaya su."

Ya dubi shanun. Sai ya tashi, ya maida hannuwa baya, ya zagaya su a hankali kamar yadda mutumin Jidda ya yi. Ya tsaya a cinyar farin cikinsu, inda wani sa ya taɓa sukarsa da ƙaho. Ya shafa da yatsa.

"Baffa, akwai karce a ƙofar baya."

"Tsoho ne," na ce. "Ba na biri ba ne."

Muka yi dariya, ni da shi, karon farko. Bai ja shanun ya tafi ba. Ya zauna a gefen tabarma ya ce gefen gonarsa na kwari ruwa yana kwanciya, gero ba ya yi, me na gani? Na ce ya sa dawa. Ya ce to. Ya sa, ta yi.

Har yau ban san wanda ya karce motar nan ba. Inshora kuma ban gama gane ta ba, ina dai juya ta in na zauna. Yanzu ina ƙauyenmu a Gwiwa da shanuna. Duk wanda ya zo haya sai na sa shi ya zagaya su a gabana, wasu suna jin haushi, suna cewa Makka ta sauya ni. Surukina yana zuwa ran Juma'a bayan masallaci, yana zama.