Wanda Ya Kai wa Shugabanmu Matakala

Aikina a filin jirgin Dubai shi ne tuƙa motar matakala, wadda ake jinginawa a ƙofar jirgi fasinja su sauko. A ɗakin da muke jiran aiki akwai rediyo mai kawo maganar matuƙa da masu hasumiya. Sauran ma'aikata jin sa suke kamar ƙarar fanka, ni kuwa kullum kunnena na kai. A nan na koyi cewa jirgin da ya ɗauko shugaban ƙasa ba a kiransa da sunansa na kullum. Muddin mai gidan na ciki, suna na musamman ake ba shi, galibi sunan ƙasar a haɗa da lamba ɗaya. Da zarar ya sauka, jirgi ya koma sunansa na yau da gobe.

Na sha jin lamba ɗaya ta wasu ƙasashe, ban taɓa jin tamu ba. Sai wata shekara aka shirya babban taro a garin, aka ce shugabanmu zai zo.

Ban yi wata-wata ba na kira Inna a Kano, na ce ta sa ido a talabijin, idan ta ga shugaba yana saukowa, to matakalar da yake takawa ni na kai ta. Inna ba ta taɓa gane aikina ba. In matan unguwa sun tambaya, sai ta ce "yana can wajen jirage," ta sauya magana. Abin da nake so ke nan a duniya, sau ɗaya dai ta nuna abu da yatsa ta ce wannan aikin ɗanta ne.

Muna ɗaki ɗaya a unguwar Satwa da wani dogon ɗan Damagaram, gadonsa a saman nawa. Ni na kawo shi aikin, ni na koya masa yadda ake lallaɓo da matakala ba a goga wa jirgi ba. Shi ba ruwansa da rediyo, daga shayi sai ƙwallo. Inna ta san shi, don in muna waya ta bidiyo yakan leƙo ya gaishe ta.

Da lokaci ya matso, na je wurin shugaban sashenmu, wani Balarabe mai fara'a, na buga ƙirji na ce shugaban ƙasarmu ne zai sauka, a ba ni.

"Naku ne?" Ya dube ni ya yi murmushi. "To khalas, shi ke nan, habibi, kai kam ka fita. Ba ma ba mutum shugaban ƙasarsu."

Wai an taɓa yin wani da ya ga nasu ya manta aiki, ya diro daga mota yana ɗaga hannu. Tun daga nan suka yanke haka. Da na ja bakina na yi shiru, ni za a ba, don na fi kowa daɗewa. Ina tsaye ya kira sunan ɗan Damagaram.

"Mon frère, ɗan'uwana, wallahi ban nema ba," in ji ɗan Damagaram a motar komawa gida. Na ce na sani. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Da ya nema, da na sami abin zagi.

Ranar saukar ina ɗakin jira. Rediyo ya yi ƙara, sai na ji matuƙi ya ambaci sunan ƙasarmu da lamba ɗaya, hasumiya ta amsa masa a natse. Na leƙa taga, ga ɗan Damagaram can nesa cikin sabuwar riga mai ƙyalli, yana lallaɓa matakala daidai yadda na koya masa. Allah ya yafe mini, na so a ce ya ɗan kauce ko da taƙi ɗaya. Bai kauce ba.

Ni ma an ba ni jirgin daga baya, don a lallashe ni. Shugaba ya tafi masauki, za a kai jirgin wani filin a ajiye. Na janye matakala, ya tashi fayau babu kowa sai ma'aikata, da sunansa na yau da gobe.

Ban iya kiran Inna na gaya mata ba. Bayan magariba muna ɗaki ita ta kira, ina jin hayaniyar mata a bayanta. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Ai mun gani! Abokin nan naka dogo, yana tsaye jikin motar kamar soja. Duk na nuna musu shi. Ba shi wayar."

Na miƙa masa. Inna ta shiga sa masa albarka, Allah ya ɗaukaka, Allah ya ƙara girma, Allah ya sa a gama lafiya, irin dai wadda take yi mini ranar sallah, har da ƙari. Shi kuwa ya dafa goshi yana "Amin Inna, amin Inna," matan suna taya shi amsawa. Na zauna a bakin gadona ina kallon ƙafafunsa suna lilo. Ina jira ta gama ta ce a ba ni.

Da ya miƙo mini wayar, ta riga ta kashe.