Jikan Madugu da Tsagar Soro

Tun da aka haife shi ba a taɓa ganin laka a farcensa ba, amma in ana zancen gidansu, bakinsa ne a gaba. Jikan Madugu ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Gidan na kakansu ne, inda ayarin raƙuma ke sauke gishiri a zamanin da. Raƙuma sun daina zuwa, sai baƙi masu ɗaukar hoto. Shi ke tare su a bakin tsohon masallaci, ya nuna musu hasumiya kamar shi ya ɗora ta, sannan ya jawo su gida su ga soro mai zane a bango.

A soron nan yayarsa ke kwana tun rasuwar mijinta. Duk shekara kafin damina ita ke kwaɓa ƙasa, ta kira magini ya hau ya yi yaɓe. Bana tsaga ta buɗe daga rufi har taga. Magini ya jingina tsani ke nan sai ga ƙanen ya shigo yana baza babbar riga.

"Sauko, malam. Yaya, tsagar nan ita baƙi ke ɗauka a hoto. In an shafe ta me zan nuna musu? Sabon bango?"

"Nuna musu bakinka, ya fi ta faɗi."

"Tarihi ne fa."

"Tarihin a kaina yake kwana, ɗan nan. Kai ɗakinka rufin kwano ne."

Ya ce a bari sai baƙin makon gobe sun tafi. Magini ba ya shiga faɗan 'yan'uwa, ya saɓa tsaninsa ya fita. Baƙin suka tafi, wasu suka zo, kwaɓin ya bushe a tsakar gida kaji na tono.

Da hadari ya fara haɗowa Yaya ba ta sake yi masa magana ba. Ta naɗe tabarmarta, ta sa aka ɗauki keken ɗinkinta, ta koma gidan 'yarta. Ruwa na biyu ya sauke rabin rufin, azara suka yi cirko-cirko.

Ranar da ta dawo ɗaukar turminta ta tarar da ƙanen tsaye a kan tarin ƙasar rufin, ya dafe ƙirji, yana gaya wa baƙi cewa mutanen yanzu ba su san darajar abin da kakanni suka bari ba. Ta ratsa ta tsakiyarsu ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ɗaga ƙafarka," ta ce. "Ka taka mini taɓarya."