Yadda Na Ɓatar da Matar Taubashina a Hanyar Lakwaya

Edita, lokacin da abin nan ya faro ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina koyon ɗinki a wani shago a bakin kasuwar Gwarzo, da yamma in hau keke in koma gidanmu a Kutama. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ana bin layi kafin a sami sabulu da madara, ɗinki kuwa sai salla ta matso ake ganinsa. Mahaifina fataucin goro yake yi tun kafin a haife ni. Yakan yi shekara biyu a ƙasar Gana bai zo ba, in ya zo ya yi wata uku ya koma. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, kuma duk da wannan nisa mun shaƙu ƙwarai.

Wata rana da damina wani direban motar goro ya kawo saƙo cewa Baba ba shi da lafiya, yana nemana. Inna ta sayar da tumakinta biyu, na bi motar, muka kwana huɗu a hanya. A zangon Kumasi na sauka wurin taubashina, ɗan ƙanwar Baba, wanda a can ya tashi, ya girme ni da shekara uku. Shi ya gaya mini Baba ba ya cikin gari, yana wani ƙauye a cikin kurmi inda yake sayen goro, mota tana tsayawa a wani gari, sauran tafiyar da ƙafa ake yi, kuma a can da wuya a sami mai jin Hausa. Na roƙe shi ya raka ni, ya ce ranar kasuwa ce ba zai iya barin rumfa ba, ai zazzaɓi ne kawai. Sai ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake tambayar hanya da yaren Tuwi. In fara da “me pa wo kyew”, wato don Allah, in faɗi sunan ƙauyen, in ƙara da “wo he”, wato yana ina. In aka ce “ko w’anim”, in miƙe gaba. Ya ce “nifa” hagu ce, “benkum” dama ce. Ina maimaitawa, shi da abokansa suna ta dariya. Na ɗauka nauyin harshena ne yake ba su dariya.

Da na sauka daga mota na sami wata tsohuwa da kaya a ka, na yi mata tambayar yadda aka koya mini. Ta gane, har ta yi murmushi. Ta ce in miƙe gaba, ta kwatanta wata babbar bishiya da hannu, ta ce benkum, ta sake cewa benkum. Na yi tafiya mai nisa kafin in kai bishiyar, na tarar hanya ta rabu biyu, ba kowa a wurin, na bi dama. Tun hantsi nake tafiya cikin gonakin koko har la’asar sakaliya. Wasu manoma na haɗu da su, da suka ji sunan ƙauyen suka riƙe baki, ɗayansu ya kama hannuna na hagu ya ɗaga ya ce benkum, ya kama na dama ya ce nifa. A nan na gane abin da aka yi mini. A bukkarsu na kwana, washegari ɗayansu ya raka ni. Na isa bayan azahar, na tarar wasu leburori musulmi sun binne Baba da safe. Ɗaya daga cikinsu mai jin Hausa ya ce jiya wuni ya yi yana sa a duba masa hanya, yana cewa yau ɗansa zai zo, sai da asuba ya daina tambaya.

Da na koma zango ban yi masa ihu ba, na dai tsaya a gaban rumfarsa na gaya masa abin da na tarar. Ya durƙusa yana kuka, ya ce wallahi wasan taubasantaka ne, ya zaci zan ɗan yi yawo wani ya juyo da ni mu yi dariya, bai san ciwon ya kai haka ba. Mutanen zango suka taru suna cewa kwana ne ya ƙare, in yi haƙuri. Na san kwana ya ƙare. Amma wunin nan guda da Baba ya yi yana kallon hanya, wani ne ya ɗauke mini shi don ya ba abokansa dariya. Na zauna a Kumasi shekara ɗaya da rabi ina aikin ɗaurin goro, na koyi Tuwi da gangan don kada a sake mai da ni wawa, kuma ban ƙara yi masa magana ba. Bayan na dawo gida ya rubuto wasiƙa sau biyu, ban buɗe ba. Da na yi aure ya aiko da turmin atamfa, na mayar wa wanda ya kawo. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗin ji: shekara goma sha bakwai, in na idar da salla na yi wa Baba addu’a, sai in roƙi Allah ya nuna mini ranar da shi ma zai zauna yana kallon hanya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari’a a Kano na ji labari taubashina ya dawo Dugabau, a ƙasar Kabo, saboda mahaifiyarsa ta tsufa, zai zauna ya yi noma. A lokacin ina da shagona na kaina kusa da tashar Gwarzo, na tara gemu, ina sahun gaba a masallaci, ana ganina mutumin kirki. Wata rana da hantsi, dawa ta fi mutum tsawo, wani ɗan kamasho ya zo ya ce in taimaka, ga wata baƙuwa ’yar Gana an sauke, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Na je na tarar da mace da tsohon ciki, da jaka ɗaya, ta gaji har leɓenta ya bushe. Masu motar goro ne suka kawo ta Kano suka sa ta a mota, direba ya manta ya wuce Kabo da ita. Ta miƙo mini wata takarda. Da na ga sunan miji da sunan gari, na gane rubutun taubashina ne tun kafin in gama karantawa. Sai na ji wani sanyi a ƙirjina, irin na wanda ya daɗe yana jira aka kira sunansa.

Na gaishe ta da Tuwi. Ta kama kuka don murna, ta ce kwana biyar ba ta ji yarensu ba, ta ce Allah ne ya aiko ni. Na saya mata ruwa. Na ce wa ɗan kamasho Lakwaya za ta, alhali Dugabau aka rubuta a takardar, na sa ta a mota, na gaya wa direba inda zai sauke ta. Ita kuma na kwatanta mata dalla-dalla: ta miƙe gaba, in ta kai wata kuka hanya za ta rabu, ta bi nifa, garin ba nisa. Na san hanyar nan ba ta zuwa ko’ina sai gonaki da rafi. Na ga cikin da idona, na ga hadarin da yake haɗuwa a gabas. Ba zan ce shaiɗan ya rufe mini ido ba, don ina sane. Abin da nake gani kawai shi ne mijinta tsaye a bakin titi a Kabo yana leƙa kowace mota. Na koma kan kekena na ci gaba da ɗinki, kuma ranar na ci tuwo da daɗi.

Kwana biyu bayan haka labari ya shigo tasha cewa wasu mata masu tallar nono sun tsinci wata baƙuwa a bakin rafi, ruwa ya yi mata duka, tana zubar da jini. Sun ɗauke ta zuwa rugarsu, daga nan aka kai ta asibiti. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba, namiji ne. Shekararsu tara da aure, wannan ne cikin farko da ya zauna. Na yi tsammanin za a zo a kama ni, har na shirya ƙaryar da zan yi, in ce yaren ne ya kuɓuce mini. Ba wanda ya zo. Ba ta san sunana ba, ba ta ma san sunan garin da aka sauke ta ba.

Sai bayan shekara biyu, da goggona, surukarta, ta rasu, dole na je gaisuwa Dugabau. Ina fitowa daga zaure muka haɗa ido. Ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta zo gabana, ta yi magana da Hausar da ta koya, a hankali, ba ta ɗaga murya ba: “Malam, ni me na yi maka?” Mijinta yana tsaye, ya dube ta, ya dube ni, ya gane komai. Mutane suka ce ya kai ni gaban alƙali, ga shari’a ta zo. Ya ce ba zai kai ni ba. Ya ce shi ya yi nasa da wauta, ya nemi gafara har ya gaji, ni kuwa na yi nawa ina kallon cikinta, don haka ya bar ni da wanda ya fi alƙali. Na koma sau uku neman yafiya. Shi yakan fito ya amsa sallama ya koma ciki. Ita ba ta taɓa fitowa ba, kuma har yau ba ta sake samun ciki ba.

Na tambayi wani malami abin da ke kaina, ya gaya mini abin da zan yi na kaffara, na yi, amma ya ce haƙƙin matar nan ba mai sauke mini shi sai ita. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, har yanzu in na tuna Baba yana sa a duba masa hanya, ina jin haushin taubashina yana taso mini kamar jiya aka yi. Ramuwar ba ta rage shi da komai ba, ta dai ƙara mini gawar jariri a kai. Don haka nake roƙon masu karatu abu biyu. Mai wasa ya san inda wasa yake tsayawa, kada ya yi shi da baƙon da ya dogara da bakinsa. Wanda aka cuta kuma ya je ya faɗi cutarsa, ya yi faɗa, ya kai ƙara in zai kai, amma kada ya ajiye ta yana kiwo kamar yadda na yi. Ranar da dama ta samu, da wuya a ce wanda ya cuce ka ne zai tsaya a gabanka. Ni wadda ta tsaya a gabana mace ce mai ciki da ta yi kuka don ta ji na yi yarensu, ta kuma ce Allah ne ya aiko ni.